Firam Ya Fi Ƙarfin Falo: Yadda Aka Yi Watsi da Awo a Adon Ɗaki

Duk wanda ya saba shiga sababbin gidajen da ake ginawa a Mashi da sauran garuruwan da ke kan hanyar Katsina zuwa Daura ya san irin wannan falon. Ɗaki ne mai ƙafa 12 a faɗi, ƙafa 12 ko 14 a tsawo. Kujeru sun kewaye bango uku, talabijin ta tare na huɗu. Sama da kujera mai cin mutum uku an rataye wani firam mai ruwan zinare wanda faɗinsa ya zarce na kujerar, kansa na neman taɓa silin, gindinsa kuwa yana gogar ƙeyar duk wanda ya jingina. A cikinsa ko dai hoton maigida ne ya sha babbar riga ranar wani naɗi, ko yana musabaha da wani jigon siyasa, ko hoton Ka'aba da aka buga a kan leda, ko kuma wata ƙorama tsakanin duwatsun ƙanƙara na wata ƙasa da babu wanda ya san sunanta a gidan.

Baƙo yana shiga, kafin ya ga mai masaukinsa firam ya riga ya cika masa ido. Idan ya zauna a ƙarƙashinsa ba zai gan shi ba, idan ya koma ɗaya gefen sai ya ɗaga wuya kamar mai neman jinjirin wata. Maigida kuwa ya gamsu, domin a lissafinsa ya sayi abu mafi girma da aljihunsa zai iya ɗauka, kuma a wurinsa girma da daraja abu guda ne.

Wannan lissafi kuskure ne, kuma kuskure ne mai tsada. Yana cin kuɗin ma'aikaci, yana ƙara wa iyayen amarya nauyi, yana ƙuntata ɗakin da tun asali ba shi da yalwa, wani lokaci ma yana taɓa alfarmar abin da aka rataye domin girmamawa. Abin da ya fi ciwo shi ne, al'ummar da ke aikata shi jikokin mutanen da suka ƙware a awo ne, waɗanda gine-ginensu na ƙasa har yau masana daga nesa ke zuwa aunawa da tef suna rubuta littattafai a kansu.

Abubuwa biyu da ake cakuɗawa

Masu adon ɗaki suna rarrabe abubuwa biyu. Na farko shi ne girman abu idan an gwada shi da mutum da kuma ɗakin da yake ciki. Na biyu shi ne dacewar sassa da junansu, wato tsayin hoto da faɗinsa, kaurin firam da abin da ya kewaye, faɗin hoto da na kujerar da ke ƙasansa, da kuma filin bangon da aka rufe da wanda aka bari. Bahaushe ya tattara duka biyun a magana ɗaya tun da daɗewa, ya ce daidai ruwa, daidai tsaki.

Girma ba sifa ce da abu ke ɗauke da ita shi kaɗai ba, sai an gwada shi da maƙwabcinsa ake saninsa. Hasumiyar Gobarau da ke Katsina tsayinta bai wuce kimanin mita 15 ba, amma ta shafe ƙarnuka tana zama abin da ido ke fara hangowa a birnin, saboda gidajen da suka kewaye ta gajeru ne. A ɗauke ta a ajiye tsakanin benayen tsakiyar Abuja, sai an yi tambaya kafin a gano inda take. Rijiyar Kusugu a Daura kuwa bakinta ƙanƙane ne, ga shi kuma labarin asalin Hausa Bakwai gaba ɗaya a kanta ya rataya, mutane na tasowa daga ƙasashe domin su leƙa ta. Da a ce faɗi ne ke kawo daraja, da kowane kududdufin bayan gari ya fi ta.

Gadon da aka saki

Maginin Hausa bai gina ɗaki da son zuciya ba, kayan aikinsa ne suka koya masa iyaka. Azara, wadda ake fasawa daga giginya, gara ba ta cinta da sauƙi, amma ba ta iya ɗaukar nauyin rufin ƙasa idan tazarar da ke tsakanin madogaranta ta kai mita biyu. Daga wannan ƙuntatawa aka samu dabarar baka, inda ake jera azara hawa-hawa daga bangon nan da bangon can har su haɗu a sama, a lulluɓe su da ƙasa. Da haka aka samu soraye masu bakan gizo da ɗaurin guga, kowane ɗaya da tsayin da ya dace da faɗinsa. Ma'aunin da magini ke aiki da shi ma daga jikin mutum ya fito: taƙi, kamu, gaba, taku. Ɗakin da aka auna da hannun ɗan Adam da wuya ya fi ƙarfin ɗan Adam.

Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu (1834 zuwa 1846), shi ne ƙololuwar wannan ilimi. Zanen da ke jikin ginshiƙan masallacin manya ne ƙwarai, sai dai suna bin jikin ginshiƙin, suna tashi tare da shi, suna tsayawa inda ya tsaya. J. C. Moughtin ya fitar da littafi a kan gine-ginen Hausa a 1985, Z. R. Dmochowski kuma ya shafe shekaru yana auna irin waɗannan gine-gine kafin a buga aikinsa a 1990. Kusa da zamanin nan, Falke Barmu, maginin garin Yama da ke jihar Tawa a Jamhuriyar Nijar, ya fara masallacin garinsu da ƙasa a 1962, kuma a 1986 ginin ya ci lambar yabo ta Aga Khan ta fasahar gini. Ke nan ba tatsuniyar kaka da kakanni ake yi ba, ilimi ne da ya rayu har zuwa jiya.

A cikin soro, ado yana bin ƙashin ginin. Ana zana jikin baka, ana dasa kwanon ƙarfe ko faranti a tsakiyar rufi daidai inda bakuna suka haɗu, domin ido ya sami wurin sauka. A waje kuma, kamar yadda ake gani a tsofaffin unguwannin Kano da Zariya da Birnin Damagaram, zane ya fi taruwa a kewayen ƙofar zaure, sauran katangar a bar ta da shafen makuba kawai. Mai zanen ya san cewa dagi ba ya fitowa sai da fili a gefensa.

Mata ma suna da nasu ilimin. Jeren ɗakin amarya na dauri, tun daga zamanin ƙore da faya-fayi zuwa na tasoshi da langa da fanteka, aikin awo ne tsantsa. Babba a ƙasa, mai bi masa a kansa, a tafi a hankali har zuwa ƙarami a sama, layin dama ya yi daidai da na hagu. Jere yakan rufe bango guda sukutum, amma ba ya danne mai kallo, saboda an gina girmansa ne daga ƙananan sassa da ido zai iya bi ɗaya bayan ɗaya. Tsohuwar da ta iya jere ba ta taɓa jin sunan wata makarantar zane ba, amma idan aka sa kwano ɗaya a inda bai dace ba, tun daga bakin ƙofa za ta gane.

Yadda aka zo nan

Abubuwa uku ne suka haɗu. Bulo da siminti da kwano suka maye gurbin tubali da azara, ɗaki ya koma akwati mai shafaffen bango da ba ya gaya wa kowa inda ado zai zauna. Sai injin buga bana ya iso. Injin da ke fitar da fastocin 'yan takara a lokacin zaɓe shi ne dai ke fitar da hoton falo, kuma da yake da girma ake yanka farashi, mai shago ba shi da dalilin ba wa kowa shawarar rage ko da inci ɗaya. Na uku shi ne wayar hannu. Ana ganin falon wani attajiri na Dubai ko na Maitama a Instagram, mai silin hawa biyu da bango kamar filin ƙwallo, sai a kai wa kafinta hoton a ce irin wannan ake so, ba tare da an tambayi ko ɗakin da za a sa shi ya kai kwatan wancan ba. Wanda ya daka rawar wani, ai ya rasa turmin daka tasa.

Akwai kuma ɗabi'ar ofis da ta biyo ma'aikata gida. A ma'aikatun gwamnati an saba rataye hoton shugaban ƙasa da na gwamna a saman bango, sama da kan kowa, domin a nuna inda iko yake. Sannu a hankali falon gida ya ɗauki wannan salo, sai dai yanzu maigida ne a gurbin gwamna. Wurin da aka tanada domin hira da cin tuwo da karɓar surukai ya zama ɗakin jiran ganin mai girma. Hukuncin rataye hoton mai rai magana ce ta malamai, kuma sun yi ta. Ko a wurin wanda ya ɗauki fatawar da ta sassauta, tambaya tana nan: mene ne mutum yake faɗa wa baƙonsa idan fuskarsa a bango ta ninka fuskarsa ta gaske sau uku?

Abin da lissafi ke cewa

A ɗauki firam mai faɗin mita 1.8 da tsayin mita 1.2, wato ƙafa 6 da ƙafa 4, wanda ba baƙon girma ba ne a shagunan masu firam. Daga kusurwa zuwa kusurwa ya haura mita 2.1. Masu shirya nune-nunen zane sukan ba da shawarar mai kallo ya ja da baya kamar ninki ɗaya da rabi zuwa ninki biyu na wannan tsawo kafin ido ya kama hoton a dunƙule, ke nan ana bukatar tazarar mita 3.2 zuwa sama da mita 4. Ɗaki mai ƙafa 12 kuwa mita 3.6 ne daga bango zuwa bango, kuma kujera ta riga ta cinye wani abu daga ciki. Sakamakon shi ne, kusan babu mazauni ɗaya a ɗakin da za a ga hoton yadda ya kamata. An biya kuɗin abin da ba za a iya kallo ba.

Sai maganar nauyi, wadda ba a cika tunawa da ita ba. Gilashi mai kaurin milimita 4 yana da nauyin kilo 10 a kowace murabba'in mita. Firam ɗin da aka ambata yana da murabba'in mita 2.16, ke nan gilashinsa kaɗai ya haura kilo 21, ban da katako da bayan firam. Sau da yawa wannan kaya yana rataye ne a kan ƙusa biyu da aka buga a jikin bulon da aka yi wa rowar siminti, a saman kujerar da yara ke barci da rana. Wannan ya wuce batun kyau ko muni.

A ƙarshe akwai ƙura da haske. Iskar hunturu ba ta barin lungun firam mai sassaƙa, kuma abin da ke kusa da silin ba kowa ke iya kai hannu ya share ba. Gilashi mai faɗi yana mayar da hasken taga da na ƙwan lantarki, sai mai kallo ya riƙa ganin labule da fanka a tsakiyar hoton. Bugun leda kuwa zafi da rana suna dusar da launinsa.

Darasi daga manyan ɗakuna

Mai son babban hoto zai iya cewa ai manyan gidajen tarihi na duniya cike suke da manyan zane-zane. Gaskiya ne, amma ya kamata a dubi yadda suke zaune. A gidan tarihi na Louvre da ke birnin Paris, zane mafi girma shi ne na walimar auren Kana wanda Paolo Veronese ya kammala a 1563, tsayinsa kusan mita 6.8, faɗinsa kusan mita 10. An yi shi ne musamman domin bangon wani ɗakin cin abinci na masu ibada a Venis, an auna bangon kafin a auna ƙyallen, sai sojojin Napoleon suka ɗauke shi a 1797. A yau yana fuskantar Mona Lisa a ɗaki ɗaya, wadda tsayinta santimita 77 ne, faɗinta 53. Dubban mutane suna shiga kullum su juya wa ƙaton baya, suna turereniya a gaban ƙaramar.

A ƙasar Holan kuma an yi ɓarnar da har yau ake jimami. Shahararren zanen Rembrandt na 1642, wanda aka fi sani da masu gadin dare, an mayar da shi zauren majalisar birnin Amsterdam a 1715, sai aka tarar ya fi ƙarfin bangon da aka tanadar masa. Maimakon a nemi wani bango, aka sa wuƙa aka datse shi ta gefe huɗu, har wasu mutanen da ke gefen hagu suka tafi da yankin da aka cire. Guntayen ba a sake ganinsu ba. Sai a 2021 gidan tarihin da ke riƙe da shi ya yi amfani da kwamfuta da wani tsohon kwafi ya kwaikwayi sassan da suka ɓata. Idan hoto da bango suka yi rigima, dole ɗaya ya ji rauni.

Misalin da ya fi kusa da zuciyar Musulmi yana Istanbul. A cikin Aya Sofiya akwai manyan alluna takwas masu siffar da'ira, ɗauke da sunan Allah da na Manzonsa, tsira da aminci su tabbata a gare shi, da na halifofi huɗu da Hasan da Husaini, waɗanda Mustafa Izzat Efendi ya rubuta a tsakiyar ƙarni na 19. Faɗin kowane ɗaya ya kai mita 7.5. Duk da haka ba su danne ginin ba, domin ƙubbar da ke samansu ta kai kimanin mita 55 daga ƙasa. Allon bai wuce kashi ɗaya bisa bakwai na tsayin wurin ba. Da za a kawo wannan gwaji cikin falo mai tsayin mita 3, allon da zai yi daidai da shi yana wajen santimita 40 ne kawai. Wannan ba doka ba ce da za a ɗora wa kowane ɗaki, amma tana nuna cewa rubutun da ya fi shahara da girma a duniyar Musulunci ma bai ƙwace wurin da yake zaune ba.

Rubutu mai alfarma

A nan ne maganar ta fi nauyi. Da yawan manyan firam da ke falukan Musulmi Ayatul Kursiyyu ce ko sunayen Allah kyawawa, kuma niyyar mai rataye su girmamawa ce. Sai dai fasahar rubutun Larabci ita kanta a kan awo aka kafa ta. Ibn Muƙla, wazirin Abbasawa a Bagadaza wanda ya rasu a shekara ta 940, shi ake dangantawa da tsarin da ya mayar da ɗigon alƙalami ma'auni: tsayin alif ɗigo kaza ne, alif kuma shi ne faɗin da'irar da ake gwada sauran haruffa da ita. Masu zayyanar allon sauka a ƙasar Hausa ma sun san cewa kowane gida na zayyana da rabonsa, kuma allon da kansa an yi shi daidai abin da hannu zai riƙe.

Yau kuwa yaron shago ne zai ɗauko rubutun daga intanet, ya ja shi ta gefe a kwamfuta har ya cika faɗin da mai saye ya biya, haruffa su kumbura, wasali ya dushe. Daga nan a rataye shi kusa da silin, inda babu mai iya karantawa, ko a saman talabijin da ke kaɗe-kaɗe tun safe har dare. Ayar da aka saukar domin a karanta ta, an mayar da ita abin cike gurbi. Ƙaramin allo da aka rubuta da kyau, aka sa shi daidai inda ido zai bi shi harafi bayan harafi, a bangon da babu hayaniya a kansa, ya fi kusa da girmamawar da ake nufi.

Masu ja da wannan magana

Na farkonsu zai ce ɗakinsa ne, kuɗinsa ne, kowa da abin da ke burge shi. Babu mai musun haƙƙinsa. Sai dai a ƙasar Hausa adon ɗaki bai taɓa zama sha'anin mutum ɗaya ba. Abin da aka gani a ɗakin amaryar bana shi ne ma'aunin da za a ɗora wa uban amaryar baɗi. 'Yan ganin ɗaki suna shiga, suna ƙirgawa, suna fita da labari. Da zarar ƙaton firam ya shiga jerin abin da ake sa rai, malamin firamare a Mashi da ke da 'ya'ya mata uku ya gaji wani sabon nauyi da bai san lokacin da aka yanke masa ba, a kan gado da katifa da kujeru da kayan kicin da tuni suka sa shi cin bashi. Abin da ake kira ra'ayin mutum, idan ya zama yayi, haraji ne a kan wanda ba shi da hali.

Na biyu zai ce waɗannan ƙa'idoji na Turawa ne. Tarihin magina da na masu jere ya riga ya amsa wannan. Hasali ma, ƙa'idar Turawan ita ce ke bukatar gyara kafin ta yi aiki a nan. A ɗakunan nune-nune akan sa tsakiyar hoto a tsayin santimita 145 daga ƙasa, domin nan ne idon mai kallo yake idan yana tsaye. A falon Bahaushe kuwa ba a tsaye ake rayuwa ba. Wanda ke kan kujera idonsa yana wajen santimita 110 zuwa 120, wanda ya harɗe a kan kafet ko darduma, kamar yadda ake yi a gaban manya ko lokacin cin abinci, nasa bai kai mita ɗaya ba. Ke nan a irin wannan ɗaki hoto ya fi bukatar saukowa fiye da a Turai, amma abin da ake yi akasin haka ne, ana tura shi sama har sai an karkato kansa da igiya. Akwai dalilai, kamar tsoron hannun yara da son ɗaukaka abu mai alfarma, sai dai ana iya biyan waɗannan bukatu ba tare da an kai hoto maƙwabtaka da fanka ba.

Na uku zai ce babban zane yana da kwarjinin da ƙanana ba su da shi, kuma wannan ya faɗi gaskiya. Ba girma ake yaƙa a nan ba. Zane ɗaya babba da ya sami bangon da ya dace da shi ya fi ƙananan firam goma da aka watsa kamar an yi shuka, ga takardar shaidar digiri, ga kalandar banki, ga agogon da aka raba a wajen biki, kowanne a tsayinsa daban. Wannan ma rashin awo ne, ta ɗaya fuskar. Sharaɗin babban zane shi ne a bar masa bangon shi kaɗai, a ba shi tazara, sauran kayan ɗakin kuma su rage murya. Labule mai walƙiya, da takardar bango mai furanni, da silin mai fitilu kala-kala, da firam mai ruwan zinare, idan suka haɗu a ɗaki ɗaya kamar makaɗa huɗu ne kowa na kiɗan ubangidansa.

Abin da ya rage a yi

Gyaran ba ya bukatar ƙwararre daga Legas, tef na tela ya isa. A fara da auna abin da ke ƙarƙashin hoton. Masu adon ɗaki sun daɗe da lura cewa hoto ya fi zama daidai idan faɗinsa ya kama kusan kashi biyu bisa uku na faɗin kujera ko teburin da ke ƙasansa. Kujera mai cin mutum uku takan kai wajen mita 2.1, ke nan hoton da ya dace da ita yana wajen mita 1.4. A bar kamar taƙi ɗaya, santimita 15 zuwa 25, tsakanin kan kujera da gindin firam, domin su zama kamar abu guda ba tare da kan mai zama ya taɓa gilashi ba. A sama ma a bar fili wanda ya fi na ƙasa, kada firam ya yi karo da silin. Idan rubutu ne, a zauna a kujera mafi nisa a gwada karanta shi, sa'an nan a koma mafi kusa a sake gwadawa. Idan firam ya yi nauyi, a huda bango da inji a sa noti mai riƙo, ko a haƙura da gilashin.

Kafin a biya ko sisi, akwai gwajin da ba ya cin kuɗi. A yanka kwali ko a haɗa tsofaffin jaridu daidai girman abin da ake son saye, a manna a bango, a zauna da shi kwana biyu. A dube shi daga bakin ƙofa, a dube shi daga kan darduma, a tambayi uwargida wadda ita ce ta fi kowa daɗewa a ɗakin. Sau da yawa kwalin da kansa zai nuna cewa rabin girman ya wadatar.

Kuɗin da aka rage kuwa akwai inda ya fi cancanta su je. Har yanzu akwai masu rubutun hannu da masu zayyana a tsangayu, akwai masaƙa da marina, akwai dukawa masu aikin fata, akwai ɗaliban zane da sashen koyar da fasaha na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da kwalejojin ilimi ke yayewa duk shekara. Luru ɗaya saƙar hannu da aka shimfiɗa a bango da kyau, ko allon zayyana na gaske, ya fi ledar da aka buga dubunta a rana guda, kuma mai yinsa zai iya zuwa ya ga bangon kafin ya fara aiki, kamar yadda Veronese ya yi, kamar yadda maginan Zariya suka yi.

Nauyin farko yana kan masu ilimi da albashi, domin su ake kwaikwayo. Abin da likita ko lauya ko darakta ya rataye a falonsa na Katsina ko Daura, shi ne za a gani a ɗakin amarya a Mashi bayan shekara biyu, sai dai a ɗakin da bai kai rabin nasa ba, da kuɗin da aka ranto. Idan waɗannan suka fara tambayar kafinta faɗin bango kafin su tambaye shi farashi, masu shago za su koyi ajiye tef kusa da littafin rasit, 'yan ganin ɗaki kuma za su koma yaba yadda kaya suka zauna a maimakon ƙirga girmansu. Tsofaffin da suka iya jere suna nan da ransu a unguwanni, kuma har yanzu ba a makara ba wajen kiran ɗaya daga cikinsu ta tsaya a bakin ƙofa ta faɗi abin da ta gani.